Darasi na Bakwai: Ma'adanar Tufafi a Gidan Bahaushe, Daga Adudu Zuwa Sif

1.0 Gabatarwa

Tufafi dukiya ne a wurin Bahaushe. Ana gadon babbar riga, ana kuma ajiye zannuwan lefe shekara da shekaru. Saboda haka wurin da ake adana su ba ƙaramin al'amari ba ne. Wannan darasi zai dubi yadda ma'adanar tufafi ta sauya a ƙasar Hausa, da abubuwan lura wajen zaɓen sif da amfani da shi. Za a ɗauki misalai daga arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke cikin masarautar Kazaure, da kuma Babura ta masarautar Ringim.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) kawo sunayen ma'adanan tufafi na gargajiya da na zamani;
(b) bayyana abin da ake dubawa kafin a sayi sif;
(c) tsara yadda zai koyar da wannan batu a aji.

3.1 Ma'adanan Gargajiya

Kafin yaɗuwar kayan kafinta, Bahaushe yakan adana tufafinsa a cikin abin da ya saƙa da hannunsa. Adudu babban kwando ne mai murfi, da ake saƙawa da ciyawa ko kaba, mata na jera zannuwansu a ciki. Lefe shi ma kwando ne na kaba, wanda a cikinsa ake kai kayan aure gidan amarya. A yau kwandon ya kau, sunan ya koma kan kayan kansu, ko da kuwa a saitin akwatuna aka kawo su. Wannan kyakkyawan misali ne na sauyin ma'ana a harshe.

Daga baya cuɗanya da wasu al'ummu ta kawo sababbin ma'adanai da sunayensu. Sanduƙi daga Larabci aka aro shi. Adaka kalma ce da ake samu a harshen mutanen Asante na Ghana, inda fataken Hausa suka daɗe suna zuwa sayen goro. Sannan aka sami kwalla da fanteka, waɗanda mata suka riƙa cika su da zannuwa, suna kuma ƙawata jere da su. Kabad da durowa kuwa daga Ingilishi suka shigo.

3.2 Shigowar Sif

Sif dogon ma'aji ne na katako mai ƙofofi, wani sashe na rataye kaya, wani kuma mai hawa-hawa na jera su. A yanzu ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan ɗakin amarya, tare da gado da madubi da kujeru. A bisa al'ada iyayen amarya ke ɗaukar nauyin waɗannan kaya. Mutanen Kazaure da ƙauyukanta kan ba kafintocin gari aiki, wasu kuma su bi hanyar Daura zuwa Kano su sayo wanda aka riga aka haɗa.

A nan ne matsala take. Sau da yawa akan zaɓi sif don idon 'yan ganin ɗaki, ba don tufafin da za su zauna a ciki ba. Uba kan sayar da dabba ko hatsi, wani ma har ya ci bashi, don sayen sif mai ƙofa huɗu ko shida, wanda bayan damina biyu sai ya kumbura ya ɓaɓɓalle. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Ma'aunin sif mai kyau shi ne ya kare tufafi, ya kuma dace da ɗakin da ƙarfin mai saye.

3.3 Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Na farko, girman ɗaki. A auna bango da tsayin rufi da faɗin ƙofa kafin a je wurin kafinta. An sha kai sif ranar jere ya ƙi shiga ƙofa, sai an kwance shi, kuma ba lalle ya koma daidai ba.

Na biyu, irin tufafin. Yawancin suturar Hausawa ninke ta ake yi: atamfa da leshi da shadda da babbar riga. Sif ɗin da aka tsara don kwat da wando yakan ɓata rabin cikinsa a wurin ratayewa. Ya fi kyau a nemi mai hawa da yawa, a bar sashe ɗaya na ratayewa mai zurfin kimanin santimita 60, da hawa na sama don huluna, da durowa mai makulli don takardu da kayan ƙawa.

Na uku, katako. Allunan da ake yi da garin katako da gam suna da sheƙi da rahusa, amma da zarar sun sha ruwa sai su kumbura, ƙusa kuma ba ta sake kama su. Busasshen katako mai tauri, irin na maɗaci, ya fi jimiri. Ɗanyen katako kuwa yakan lanƙwashe idan ya bushe, ƙofa ta daina rufuwa.

Na huɗu, yanayin wuri. A wannan yanki damina kan sauka tsakanin Yuni da Satumba, ta kawo laima, musamman a watan Agusta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu kan cika ɗaki da ƙura. Don haka ana bukatar sif mai ƙafafu da ke ɗaga shi daga daɓe, mai ƙofar da ke rufuwa ruf.

3.4 Amfani da Kulawa

Manyan maƙiyan tufafi su ne laima da gara da asu da kyankyaso da ɓera. Kada a jingina sif da bango, musamman na ginin ƙasa, domin ta nan gara ke hawa. A bar tazarar tafin hannu, a riƙa leƙawa. Kada a sa tufafi sai sun bushe sarai. Bayan ɗaukewar damina a fitar da su su sha iska, a goge cikin sif ɗin. Kafur da busasshen ganyen darbejiya suna korar ƙwari, sai dai kafur guba ne, a ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba. A sa kaya masu nauyi a ƙasa, idan kuma sif ɗin dogo ne a ɗaure shi da bango ta sama, don kada yaro ya hau durowa ya rinjayo shi a kansa.

4.0 Kammalawa

An ga yadda Bahaushe ya tashi daga adudu da lefe zuwa adaka da kwalla, har ya zo ga sif. Ma'adanai sun sauya, amma bukata ɗaya ce: a tsare tufafi daga lalacewa. Aikin malamin Hausa a nan biyu ne. Zai raya kalmomi irin su adudu da fanteka, waɗanda yaran yanzu ba su cika jin su ba, zai kuma nuna wa ɗalibai cewa amfanin abu ake dubawa kafin adonsa.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana yadda ma'anar kalmar lefe ta sauya.
2. Kawo abubuwa huɗu da ake lura da su kafin sayen sif, tare da dalilai.
3. Tattauna da wata dattijuwa a garinku kan kayan jerenta, ka kwatanta su da na amaren yau.
4. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyar na firamare a kan ma'adanan tufafi.