Kayan Hannu a Jirgin Sama: Bayani Domin Hakimai da Magatakarda

Kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya kusato, maniyyata daga ƙasashen hakimai dabam-dabam sukan taru a sansanin alhazai na Mando, arewa da Kogin Kaduna, suna jiran a kira su zuwa filin jirgi. A nan ne akan auna kaya, a nan ne kuma gardama takan tashi. Mutum ya zo da jaka ya cusa mata gari da kilishi da tufafi har bakinta ya ƙi rufuwa, a ɗora bisa sikeli, a ce masa ta wuce ƙa'ida. Sai ya ɗauka zalunci ne, ko kuwa ma'aikaci yana neman a ba shi wani abu. Hakimai da magatakardansu su ne suka fi kusa da talakawa, saboda haka ya kamata su san dalilin wannan doka sosai, domin su bayyana wa mutanensu tun suna gida.

A zamanin da, mai niyyar Makka yakan bi ta ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan, ya yi shekara da shekaru a hanya, ba mai ƙayyade masa kaya sai ƙarfin jakinsa. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, a 1958 kuma Nigeria Airways ya gaje shi a Nijeriya, har ya daina aiki a 2003. Tun farkon fara ɗaukar fasinja ake awon kaya: daga baya aka riƙa yarje wa mai ƙaramin tikiti laba 44, watau kilo 20, mai babban tikiti kuwa laba 66.

Dalili shi ne, kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma a cikin wannan lissafi ake sa mai, da mutane, da kaya. Kafin a tashi sai an rubuta nauyin duka a takarda, matuƙi ya duba ya sa hannu. Zafi kuma yana ƙara wahala, gama iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukan jirgi ba su samun abin dogara sosai, sai ya bukaci doguwar hanya kafin ya rabu da ƙasa. Mutum yakan ce, kilo 2 kaɗai na ƙara, me zai yi wa ƙaton jirgi? To, a lissafa. Idan jirgi ya ɗauki mutum 500, kowa ya ƙara kilo 2, an sami kilo 1,000, daidai da buhun masara goma mai kilo ɗari-ɗari wanda ba a sa a lissafi ba. Abin da hankali ya gani ƙarami ne, sikeli bai gan shi haka ba.

Kayan hannu su ne waɗanda fasinja yake shiga da su wurin zama, ya sa a ma'ajin da ke bisa kansa ko ƙarƙashin kujerar gabansa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ta ba da shawarar girman jaka kada ya wuce santimita 56 tsawo, 45 faɗi, 25 kauri, watau wajen inci 22 da 18 da 10, har da ƙafafunta da maratayi. Kowane kamfani yana da nasa awo, da yawa suna tsayawa a kilo 7. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta yi shekaru tana ba alhaji jakar hannu ta kilo 8 da babbar jaka ta kilo 32. Amma fa tsarin yakan sauya, don haka lalle magatakarda ya nemi takardar sanarwar shekarar daga ofishin alhazai na ƙaramar hukuma kafin ya faɗa wa kowa adadi.

Inda babu sikeli a ƙauye akwai dabara mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A cika galan biyu masu lita huɗu-huɗu, a ɗaga da hannu ɗaya, sa'an nan a ɗaga jakar da ɗaya hannun. In jaka ta rinjaya, sai a rage. A tuna nauyin jakar kanta yana cikin lissafi.

Akwai kuma abin da ba a shiga da shi komai rashin nauyinsa: wuƙa, da almakashi, da aska, waɗannan sai cikin babbar jaka. Tun 2006 aka hana shiga da abu mai ruwa, kamar turare ko zuma ko mai, a kwalbar da ta wuce mililita 100. Batirin cajin waya kuwa a jakar hannu ake sa shi, domin in ya kama wuta a ga abin da wuri. Magani na kullum da fasfo da kuɗi su ma kada su rabu da mai su. Wajen komowa, ba a yarda a ɓoye ruwan Zamzam cikin kaya ba. Hukuma takan kawo shi dabam a raba wa alhazai a gida.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne karɓar saƙo. Wani yakan ga dattijo jakarsa ba ta cika ba, ya roƙe shi ya riƙe masa ɗan ƙunshi. Duk abin da aka samu a jakar mutum, a shari'a nasa ne, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar Saudiyya yakan kai ga kisa. Ya kamata hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya gargaɗe su a kan wannan, magatakarda kuma ya karanta wa maniyyata sanarwar a fili, musamman tsofaffi da mata waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba.