Kafin Ka Sauka a Tsibirin Komodo

Idan jirgin ruwan yawon buɗe ido ya sauke ku a Gandun Dajin Komodo na Indunisiya, kada kwaɗayin hoto ya raba ka da ayari. Guzan can yana kai mita 3, cizonsa da dafi, kuma kwanciyar da ka ga yana yi ba kasala ba ce.

Ka bi bayan ma'aikacin gandun, mai sanda mai baki biyu. In kana da rauni, gaya masa tun farko, domin guzan na jin ƙarnin jini daga nesa. Sa takalmi sau-ciki, riƙe ruwa da hula. Daidaita agogonka da na jirgi, ka koma da wuri; jirgi ba ya jiran makararre.