Darasi na Bakwai: Ƙaurar Masana'antu da Matakan Kare Ayyukan Yi

Gabatarwa

Abin da ake nufi da ƙaurar masana'antu shi ne kamfani ya kwashe aikin ƙera kayansa daga ƙasarsa ya kai wata ƙasa inda ladan ma'aikaci ke da araha, sannan ya dawo da kayan ya sayar a gida. A wannan darasi za a dubi matakan da Amurka ta ɗauka kan wannan matsala.

Tushen Matsalar

A shekarar 2000 masu aiki a masana'antun Amurka sun kai kimanin miliyan 17. Zuwa 2010 sun ragu ƙasa da miliyan 12. Masana sun danganta wannan da yawaitar injuna masu sarrafa kansu, da kuma shigar ƙasar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001.

Matakan Gwamnati

1. Horarwa: Tun 1962 aka kafa shirin tallafa wa waɗanda cinikin waje ya raba da aikinsu, a koya musu sabuwar sana'a. Sai dai sau da yawa sabon aikin bai kai tsohon albashi ba.

2. Harajin shigo da kaya: A 2018 gwamnatin Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfen da ake shigowa da shi. Masu narka ƙarfe sun ji daɗi, amma masu ƙera motoci da injuna, waɗanda suka fi su yawan ma'aikata, sun sayi ƙarfe da tsada. Ƙasar Sin kuma ta ɗora haraji kan waken suya na manoman Amurka.

3. Tallafi: A 2022 Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 don ƙera ƙananan na'urorin kwamfuta a cikin gida. Kuɗin kuwa daga aljihun masu biyan haraji suka fito.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kowane mataki yana da wanda ya amfana da wanda ya ɗauki nauyi. Wajibi ne mai nazari ya gano waɗannan ɓangarori biyu kafin ya yaba wata manufa ko ya kushe ta.

Auna Fahimta

1. Mece ce ƙaurar masana'antu?
2. Wa ya ɗauki nauyin harajin ƙarfe na 2018?
3. Kwatanta wannan matsala da durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano. Ina suka yi kama, ina suka bambanta?