Gwaba da turare: dangi ɗaya, aiki dabam

Ƴan'uwa manoma, lokacin dashe ya kusa. Sau da yawa muna ganin mutum ya ɗauko ɗan icce daga wurin reno, bai san ko mine ne ba, sai ya girma. Yau za mu koyi gane dangin gwaba.

Dangin nan babba ne, ya fi iri 5000 a duniya. Da yawansu ƙananan itatuwa ne masu fure fari ko ja-ja, a ƙasar Ostiraliya. Daga can aka kawo mana iccen turare. Gwaba kuwa asalinta ƙasashen Amurka masu zafi. Kanumfarin da mata ke sa wa kunu shi ma ɗan gidan ne: fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba, aka shanya.

Ga yadda ake gane su. Mu tsinki ganye, mu ɗaga shi wajen rana, mu duba da kyau. Za mu ga ƴan ɗigo-ɗigo kamar an huda da allura. Mai ne a ciki. In muka murza, sai ƙamshi ya tashi. Furensu kuma cike yake da zare-zare masu yawa, kamar gashi. Amma a yi hattara: ganyen lemu ma yana da ɗigon nan, alhali ba danginsu ba ne. Hanci zai raba gardama.

To, ƙaƙa za mu raba gwaba da turare tun suna ƙanana? Ganyen gwaba mai faɗi ne, biyu-biyu suna kallon juna. In mun shafa bayansa, za mu ji jijiyoyi sun taso. Na turare siriri ne, mai santsi, ƙamshinsa kamar man zafi.

Wannan bambanci ba wasa ba ne. Turare yana da shan ruwa ƙwarai, saiwarsa tana tafiya nesa. A ganinmu, wurinsa can bakin gona, inda zai tare iska, ya ba mu itacen rufi. Cikin garka, kusa da rijiya, gwaba ta fi dacewa.

Iyaye mata, man turare na kwalba ba na sha ba ne. Ko kaɗan yaro ya haɗiya, yana iya sa shi farfaɗiya. In haka ta faru, kada a sa shi amai, a kai shi likita nan take.

Ranar karatu mai zuwa, kowa ya zo da ganye uku: na gwaba, na turare, na lemu.