Darasin Tsirrai: Khuzama a Gida, Amfaninta da Haɗarinta

A wannan fitowa zan yi bayani ne kan khuzama, tsiron nan mai ƙamshi da Turawa ke kira lafanda.

Kun sha ganin launinta a talabijin. A watan Mayu na 2021 Saudiyya ta daina shimfiɗa wa manyan baƙi jar darduma, ta koma shimfiɗa mai launin shunayya, wato banafsaji, saboda furen khuzama da ke rufe sahara bayan ruwan sama. Sai dai ku lura, tsiro biyu ne ke amsa wannan suna. Akwai khuzamar daji ta saharar Najd, akwai kuma lafanda da ake nomawa a kudancin Faransa da Bulgeriya, wadda ake tatsar mai daga furenta. 'Yar'uwar lafanda tana fitowa a duwatsun Ɗa'ifa da Baha, ana ce mata durmu, kuma zumarta sananniya ce. Wadda iyayenmu mata ke saya a shagunan aɗɗarai na Suƙul Alawi a Balad yawanci lafanda ce, busasshen fure ko mai a kwalba.

Amfaninta a gida

Na farko, tufafi. Kowa ya san yadda raɓar Jidda ke sa kaya su yi warin ajiya a cikin durowa. A zuba busasshen fure cokali 2 a ƙyallen auduga, a ɗaure, a cusa tsakanin kaya. Yana ƙamsasa su, kuma asu ba ya son ƙamshin. In ƙamshin ya ragu, a murza ƙullin da hannu.

Na biyu, barci. Ƙamshin khuzama yana kwantar wa mutane da yawa hankali. Ƙulli ɗaya kusa da matashi ya wadatar. Amma ɗalibin da ya kwana yana latsa waya, ba furen da zai tashe shi garau da asuba.

Na uku, masu haɗa humra da turaren wuta suna iya ƙara ta kaɗan, don ƙamshinta na danne na sauran in ta yi yawa.

Inda haɗarin yake

A nan nake roƙon iyaye su natsu. Fure daban, mai daban. Sai an turara fure wajen kilo 100 kafin a sami kilo ɗaya na mai, don haka ɗigo ɗaya ba abin wasa ba ne.

1. Ba a shan man khuzama, ba a ɗiga shi a shayi, ido ko kunne.
2. Ba a shafa shi tsurarsa. Ɗigo 1 a ƙaramin cokali na man zaitun ko man kaɗanya, a fara gwadawa a damtse, a jira kwana ɗaya.
3. Kada a shafa wa jariri, kada a sa a ƙuna ko buɗaɗɗen ciwo. Maganin farko na ƙuna shi ne ruwan famfo mai sanyi na minti 20.
4. Mai ciki, mai shayarwa da mai asma su tambayi likita tukuna.
5. A ɓoye kwalbar inda hannun yara ba ya kaiwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, in ya galabaita a kira 997.

Khuzama ƙamshi ce da ɗan sauƙi, ba ta maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya tambayi mamarsa ko kakarsa sunayen tsirrai uku da ake ƙamsasa ɗaki da su a garinsu na asali, ya rubuto su da Hausa da Larabci, ya kawo mini ranar Lahadi. Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani.