Kunama da Wutsiyarta

Zoza gari ne na manoma a ƙasar Rogo, kusa da Ƙaraye, a yammacin Jihar Kano. Da bazara, in zafi ya tsananta, kunamu sukan fito da dare neman abinci. Da rana kuwa sukan ɓuya ƙarƙashin duwatsu, da cikin tarin kara, da tsagar bango. Saboda haka ya kamata kowane yaro ya san halinsu.

Kunama tana da ƙafafu 8 kamar gizo-gizo, gama danginsu ɗaya ne. Tana da hannuwa biyu masu kama da awartakin maƙeri. Wutsiyarta gaɓa 5 ce. A ƙarshenta akwai 'yar jakar dafi, da ƙari mai tsini kamar ƙaya.

Akwai mutanen da suke kiwon kunama. A ƙasar Hausa gardawa sukan zo da ita kasuwa, su ɗora ta a hannu ko a fuska, jama'a suna kallo. A Turai da Amurka kuma waɗansu sukan ajiye ta cikin akwatin gilashi don sha'awa. Sukan zuba mata ƙasa mai laima, su riƙa ba ta gyare da kyankyaso. Wadda suka fi so ita ce babbar baƙar nan, irin wadda Hausawa suke kira duwu. Tsawonta yakan kai inci 8. Daga Gana da Togo da Binin aka riƙa kai musu ita. An kwashe ta da yawa, har tun 1995 ba a fitar da ita sai da takardar izini.

To, me ya sa suka zaɓi babba? Ga dalili. Kowace kunama tana da makami biyu, watau hannu da wutsiya. Duwu hannuwansa manya ne masu ƙarfi. Da su yake danne ƙwaro ya murƙushe shi. Wutsiyarsa ba ta da kauri in an gwada ta da jikinsa. Harbinsa da zafi, amma dafinsa ba shi da ƙarfi ƙwarai.

Akwai kuma kunama mai siraran hannuwa. Ita ba ta iya riƙe ƙwaro da kyau, sai ta dogara ga harbi. Sau da yawa wutsiyarta takan yi kauri, dafinta kuwa mugu ne. Irin wannan tana da yawa cikin Sahara, kamar wajen Agadas a ƙasar Nijar, inda harbin kunama yakan kashe yara. A 2022 masana a Jami'ar Galway ta ƙasar Ailan suka gwada kunama iri 36. Suka tarar ƙanana masu siraran hannuwa sun fi manya mugun dafi nesa ba kusa ba.

Amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A Sahara akwai wata kunama mai launin ɗorawa, wutsiyarta siririya, dafinta kuwa yana cikin mafiya muni a duniya. Akwai kuma baƙa mai kaurin wutsiya wadda ba duwu ba ce, tana kisa. Kunamu sun fi iri 2,000, ba mai iya rarrabe su duka da ido. Don haka yaro mai hankali ba ya kama kunama, ba ya kwaikwayon gardi. Yakan kakkaɓe takalminsa da tabarmarsa kafin ya yi amfani da su, ba ya kuma cusa hannu cikin rami.

In kunama ta harbi mutum, sai a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotsa. Dafi ya fi cutar yaro, gama jikinsa ƙarami ne. In an ga yana gumi, ko amai, ko dalalar da miyau, ko numfashi da ƙyar, sai a kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Ƙafafun kunama nawa ne?
2. Don me masu kiwo suka fi son duwu?
3. Wace kunama ce ta dogara ga harbi?
4. Me za a yi wa yaron da kunama ta harba?