DARASI: Lissafin Kayan Akurki Kafin A Ɗora Tubali

'Yan'uwa fatake. Da yawanmu mun ajiye iyali a Utul, kimanin kilomita 20 daga Tamanraset, mu kuwa kullum muna bisa hanyar In Gezam, Asamaka, Arlit har Agadas. Wani lokaci sai mu yi wata biyu ba mu gida. Kaji goma a bayan gida kan rufa wa uwargida asiri: ga ƙwan yara, ga na cefane. Amma mun sha ganin wanda ya fara akurki ba lissafi, kaya suka yanke, ya kama hanya ya bar shi ba rufi. Kafin ya dawo dila ya gama da kajin.

Na farko, wuri. Kada a gina a bakin kwari. Ruwan Hoggar ba ya yawa, amma ran da ya sauko daga duwatsu ba ya sallama. A nemi tudu.

Na biyu, awo. Kaji goma na son ɗaki mai mita 2 da mita 1 da rabi, tsayinsa mita 1 da rabi. Kewayen bango ya zama mita 7 ke nan.

Ga abin da za a tanada:

1. Tubalin laka 140, mai tsawon santimita 40 da tsayin 20. Kusan 130 za su shiga gini, saura na fashewa ne. Laka ta fi bulo a nan, domin Utul tudu ce, sanyin dare a Janairu na da tsanani, laka kuwa na riƙe ɗumi.
2. Kwano falle 4 masu mita 2, da tabarma ko kara a shimfiɗa ƙarƙashinsa saboda zafin rana.
3. Katako ko azara 4 na rufi, da sanda biyu na hawan kaji. Itace na da tsada a hamada, a fara tambayar kuɗinsa.
4. Ragar waya mita 15, don filin kiwo mai mita 4 da 2 da rabi, da taga. A binne gindinta santimita 30, saboda dila da yanyawa masu haƙa ne.
5. Ƙofa mai sakata, ƙusa kilo 1, kwandon saka ƙwai 3, mazubin ruwa da na tsaba.
6. Farar ƙasa ta shafe bango, da toka ta wankan kaji don kashe ƙuma.

A rubuta kuɗin kowanne da dinari, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da ba a zata ba. In kuɗin bai cika ba, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Nasiha ta ƙarshe: kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa da na gida, kamar yadda muke ware baƙuwar saniya. A kuma nemi likitan dabbobi ya yi rigakafin cutar Niyukasal.

Allah Ya sa albarka a neman halal, Ya kai mu gida lafiya. Amin.